Huɗar Dodon-Koɗi

In kuka shiga Ƙaura kuka ji an ƙwala wa wani ƙaton magidanci kira da "Dodon-koɗi!" ya waiwayo yana murmushi kamar an ambaci sarautarsa, to wannan Armiya'u ne, ɗan ƙanena marigayi. A kan huɗar gonata aka raɗa masa sunan, a gaban idona, don haka kada ku saurari labarin daga bakinsa. Ni ce Furera mai sabulu. Ban taɓa zama a aji ba ko na yini guda. Ɗan bokon da nake da shi a jikin buhunan taki da littattafan jikoki na tsince shi. Amma na san tsawon kamu, na san cikar tiya, kuma ina gane wawa tun daga takunsa.

Wata bakwai Armiya'u ya yi a Abuja. Aikinsa a can, yadda na ji daga bakin wanda suka tafi tare, shi ne riƙe wa wani mai zanen gine-gine bakin tef. Mai zanen yana can ɗaya gefen yana karanta lamba yana rubutawa, Armiya'u yana nan ya danne da babban yatsa. Da aiki ya ƙare ya dawo mana da abu biyu: tef mai ruwan ɗorawa rataye a wuya kamar laya, da sunan Injiniya, wanda ya ba kansa a cikin mota tsakanin Gusau da Ƙaura.

Ran da ya zo gaishe ni, bai gama durƙusawa ba ya zabura ya auna ƙofar ɗakina.

"Gwaggo, wa yag gina miki wagga ƙofa?"

"Ubanka."

"Allah Shi jiƙan shi, amma ya yi kure."

"Amin. Kuren da na sani ya yi dai ga shi tsaye gabana da igiya a wuya."

Bai ma ji ba. Ya gyara zama ya fara karanta mini. Wai akwai wani abu da masana ke kira awon zinariya. In ka raba abu gida biyu, dogo da gajere, to yadda dukan abin ya ninka dogon, haka dogon zai ninka gajeren. Ɗaya da ɗigo shida ɗaya takwas. In gajeren biyar ne, dogon kusan takwas. In takwas ne, sha uku.

"To sai a yi mi?" na ce.

"Sai abu ya yi kyau, Gwaggo! Manyan gine-ginen duniya da shi anka yi su. Dubi gidan dodon-koɗi, dubi ƙahon rago, dubi wutsiyar hawainiya, yadda suke naɗewa suna buɗewa. Duk wanga awon ne!"

"Ƙofar nan shekara arba'in ina shiga ina fita, ba ta taɓa tambayata lamba ba."

Sai ya zaro abarba daga leda, tsarabarsa ke nan, ya ce in ƙirga layukan idanunta, waɗanda suka karkata dama da waɗanda suka karkata hagu. Na ce ya ajiye ya tashi ya ba ni wuri. Da ya fita na ɗauko ta na ƙirga. Takwas ta wannan gefe, sha uku ta wancan. Na sake, na kuma sakewa da tsinken tsintsiya. Takwas da sha uku. Na ce ikon Allah. Ni ba na danne wa mutum gaskiyarsa ko da wawa ne. Kuskurena guda ɗaya ne: washegari na faɗa masa.

Daga ranar unguwa ba ta sake hutawa ba. Ya je majalisar mai shayi ya bi fuskokin mutane da tef. Ya gaya wa Malam Dikko, dattijo mai furfura, maƙwabcinmu a gona, cewa hancinsa ya sauko da yatsa biyu daga inda ya kamata.

"To mayar da shi," in ji Malam Dikko. "Ni ma ya dame ni wajen shan fura."

Matarsa Rashida ta shigo mini da rana tsaka riƙe da sabon zanenta gida biyu. Ya tsaga shi da reza, wai dogon na ɗaurawa, gajeren na yafawa. Dogon bai zagaye ta ba, gajeren bai rufe kafaɗa ba. Ta ce ko malmalar tuwo ba ya ci sai ya yanka ta takwas da biyar, kafin ya gama awo miya ta yi sanyi, ya ce ita ce ba ta iya girki ba.

Duk wannan dariya muka ɗauke shi, har ya kai ga gona.

Gonar nan ta bayan gari ita kaɗai ta rage mana. Muna da manya biyu can wajen Kurya, amma shekara huɗu ke nan ba wanda ya taka su, kowa ya san dalili. Ta bayan garin ce tuwona, ita ce tuwon Rashida da 'ya'yanta, kuma ba a raba ta ba tun rasuwar mahaifinmu, don haka Armiya'u na da bakin magana a kanta. Shanun huɗa kuwa a unguwarmu na mutum ɗaya ne, Sanda. In ruwan shuka ya sauka, kowane gida da safiyarsa: daga fitowar rana zuwa kiran azahar. In ka ɓata safiyarka sai layi ya zagayo, kwana goma sha biyu, lokacin damshi ya tsere, geron maƙwabta yana yi maka gwalo. Al'ada kuma mai gona ne ke ba da mai jan igiya a gaban shanu, Sanda yana riƙe da garma a baya.

Ruwa ya sauka ran Talata da yamma, mai yawa. Safiyarmu Laraba.

Ina kwashe kayan shanya Armiya'u ya faɗo jiƙe sharkaf, tef na ɗiga.

"Gwaggo, bana za mu ba Zamfara mamaki. Huɗa miƙaƙƙiya ta tsufa. Kunya guda za mu yi, ta taso daga gindin gawon tsakiyar gona tana naɗewa tana buɗewa kamar gidan dodon-koɗi. Gero ya tashi cikin awon zinariya, zangarniya sai ta kai tsawon mutum!"

"Armiya'u."

"Na'am, Gwaggo."

"Gobe za ka riƙe igiya, ka bi inda Sanda yac ce. Gabas, yamma. Gabas, yamma. In ka karkata ko da taki ɗaya, da wanga tef zan ɗaure ka a gawon."

Ya ce to. Da na san irin to ɗin da na kwana a gonar.

Da asuba na je ɗibar toka, sai na tarar da buhuna uku wayam. Tokar karan dawa ce da na tara tun kaka don sabulu. Ban tambayi kowa ba. Na ɗauki sandata, gwiwa tana ƙara ina ƙara, na nufi bayan gari.

Tun daga nesa na hango taro kamar ana rabon taki. 'Yan majalisar mai shayi kaf, da mai shayin kansa da butarsa, da mai cajin waya ya ɗaga waya sama yana ɗauka. Ashe gayya ya yi, wai a zo a ga huɗar zamani. Tokata kuwa ga ta nan ya zana ta a jiƙaƙƙiyar ƙasa, farin layi ya taso daga gindin gawo yana murɗewa.

Abin da ya faru kafin in iso, Sanda ne ya ba ni daga baya, kuma Sanda ba ya ƙari, don magana ma tsada take masa. Armiya'u ya ce masa ni na amince. Zagayen farko ya matse da yawa, sai ya sare shi da fartanya. Da aka sa shanu a na biyu, sai aka ga matsala: san da ke ciki kusan a tsaye yake, na waje sai ya yi gudu. Na wajen kuwa Fari ne, tsoho, wanda ko ran kasuwa ba ya sauri. Na cikin Ɗan Ja ne, matashi mai zafin kai. Fari yana haki, Ɗan Ja yana tattaka wuri ɗaya yana huci.

"A sauya su!" in ji Injiniya. "Mai ƙarfi waje, tsoho ciki. Lissafi ne."

Sanda ya ce, "Shekara shida kowa da gefensa."

"Shi ya sa ba ku ci gaba ba."

Aka kwance karkiya aka sauya. A nan na iso. Da Sanda ya ce "Haa!" kowane sa ya nufi tsohon gefensa. Fari ya tura dama, Ɗan Ja ya tura hagu, gindinsu ya buɗe, kawunansu suka haɗu, suka juya cikin karkiya, sai ga su sun fuskanci Sanda suna kallonsa kamar masu neman bayani. Armiya'u kuwa yana can bayansu yana jan igiya, yana yi wa wutsiya magana.

Majalisa ta kwashe da dariya. Mai shayi ya ce, "Injiniya, wagga ita ce ta zamanin? Shanu su huɗe mai garma?"

"Gwaji ne! Ko a Abuja sai an yi gwaji!"

Na buɗe baki zan yi magana, numfashi ya ƙi, don na yi sauri fiye da shekaruna. Kafin in dawo daidai an mayar da shanu gefensu, Armiya'u ya fizgi igiya, sun kama farin layi sun tafi. Lanƙwasar ta fara buɗewa, shanu suka samu sauƙi, garma tana tsaga ƙasa. Ya waiwayo yana ɗaga wa waya hannu.

"Kun gani? Kun gani? A ɗauka da kyau!"

Na dubi gonata. Tsakanin kunyar da ke gindin gawo da wadda suke yi yanzu, tirela biyu za su wuce ba su gogi juna ba.

"Kai, Armiya'u! Wanga fili na tsakani, mi za a shuka ciki?"

"Iska, Gwaggo! Gero na son iska!"

"Iskar za mu tuƙa da rani?"

Layin kuwa ya riga ya kai shi iyaka. Iyakarmu da Malam Dikko jerin gamba ce tun zamanin kakanni. Tokar ba ta tsaya ba. Ta tsallake gamba ta shige gonar Malam, wanda ya yi binne tun kafin ruwan farko, geronsa ya tsiro layi-layi gwanin sha'awa. Sanda ya ja burki da ƙafa, amma Ɗan Ja ya ga ɗanyen tsiro. Garma ta ci layi bakwai kafin a ce kwabo.

Ban taɓa sanin Malam Dikko na gudu ba sai ranar. Carbi a hannu ɗaya, takalmi a ɗayan.

"Innalillahi! Furera, yaƙi kunka kawo mini?"

"Malam, ba ni ba ce. Ga mai yaƙin nan da laya a wuya."

"Baba Malam, ka kwantar da hankalinka," in ji Armiya'u. "Albarka ce ta ratsa gonarka. Awon ne ya biyo ta nan, ba ni ba."

"Awon ubanwa? Jiya hancina, yau gerona?"

Na ƙaraso na tsaya gaban shanu, na dogara sandata. Na ce, "Tsaya, Malam, bari in tambaye shi abu guda a gaban jama'a. Armiya'u, wagga kunya taka, ina ƙarshenta?"

Fuskarsa ta washe, kamar wanda aka tambaya abin da ya daɗe yana jira.

"Ai nan kyanta yake, Gwaggo. Ba ta da ƙarshe! Kowane zagaye sai ya ninka na baya kusan sau bakwai."

"To daga gonar Malam sai ina?"

Ya zaro tef, ya kanne ido ɗaya, ya auna sararin sama. "Za ta bi ta bayan makarantar firamare, ta ratsa... ta ratsa wurin alwalar masallacin unguwa kaɗan."

"Kaɗan," in ji mai shayi. "Daga nan fa?"

"Zagaye na gaba ya wuce tashar jirgi."

"Na gaba?"

"Wajen Moriki."

"A gaida mutanen Moriki!" wani ya ce daga baya. "Injiniya, in kun kai Shinkafi ran Alhamis ne ka sayo mini albasa!"

"Wa ke da takardar shiga Nijar? Shanu za su buƙata!"

Sanda, wanda tun safe bai yi magana goma ba, ya sunkuya ya zare sarƙar garma daga karkiya. Ya ce, "Ita ba ta da ƙarshe. Shanuna suna da shi."

To a nan ne abin ya lalace gaba ɗaya. Shanu suka ji baya ya yi sauƙi. Lanƙwasar kuma ta riga ta juya fuskarsu gari, wajen turkensu da dusarsu. Fari, wanda ban taɓa ganin ya yi sauri ba, shi ya fara. Armiya'u ya naɗe igiya a wuyan hannu sau uku don kada a ce Injiniya ba ya riƙo, bakin tef ɗinsa kuma ya maƙale a karkiya. Suka fizge shi.

Taki goma na farko da ƙafa ya yi su, yana ihu, "Ba nan ba ne! Ku bi toka!" Sauran da ciki. Ya ratsa tsibin takin Malam Dikko ya fito ta ɗaya gefen da wani launi, tef yana warwarewa yana walƙiya a rana. Jama'a suka dafa baya, mai waya yana gudu yana cewa a kauce masa. Ni dai ina tafe a hankali, don na san inda za su tsaya. Kududdufin bakin gari ya cika da ruwan jiya, kuma ba san da zai wuce ruwa bayan irin wannan safiya.

Haka aka yi. Shanu suka yi turus a baki suka sa kai. Armiya'u bai samu labarin an tsaya ba, ya wuce ta tsakaninsu ya shige.

Da na iso yana zaune cikin ruwa iya ƙirji, taɓo har gira, matan da ke wanki sun bar wanki sun riƙe ciki. Rashida na cikinsu, da rabin zanen nan a kafaɗa. Ta dube shi ta ce, "Sannu, Injiniya. Kashi nawa ne a ruwa, kashi nawa a waje?"

Sanda ya shiga ya kwance igiyarsa. Sai ya tsaya, ya sa yatsa biyu ya ciro wani abu daga kafaɗar Armiya'u, ya ɗaga sama kowa ya gani. Dodon-koɗi ne, ƙarami, ya fito da ƙahonninsa.

"Ga malaminka," in ji Sanda. "Ya zo duba aiki."

Mai shayi ya faɗi ƙasa. Malam Dikko da ya zo da niyyar duka sai da ya zauna a kan turmin wanki yana share hawaye. Sunan ya kama tun kafin a fito da shi daga ruwa.

Ni ban yi dariya ba. Rana nake kallo, ta kusa tsaka.

"Sanda, ba a kira azahar ba. Safiyata ce har yanzu."

"Inna Furera, shanun ga sun ga abin da ba su taɓa gani ba."

"Ni ma haka. Mu tahi."

"Wa zai ja igiya?"

Na miƙa wa Rashida sandata, na ɗaure zane, na karɓi igiya. Rabona da jan shanu tun ina da ƙarfin ɗaukar dami biyu. Gwiwa ta ce ba ta yarda ba, na ce ba shawararta na nema ba. Muka koma, aka maƙala garma. Gabas, yamma. Gabas, yamma. Muka bi ta kan tokata da murɗaɗɗiyar kunyarsa muka shafe su. Fari har wani lumshe ido yake, ya dawo duniyar da ya sani. Jama'a ba su watse ba, suka zauna gindin gawo suna ƙirga mana layi.

Ladan ya kira salla muna tsakiyar layi. Sanda ya ƙarasa shi, ya zare sarƙa, don shanu su huta kafin safiyar gidan da ke bin mu, kuma ban roƙe shi ƙari ba. Ba a kai ko gawon ba. Abin da ya rage ya fi abin da aka huɗe.

Armiya'u yana raɓe a iyaka, taɓo ya bushe a jikinsa yana tsattsagewa. Na yafito shi.

"Tef ɗinka na da rai?"

"Ya ɗan lanƙwashe, Gwaggo."

"Auna mini. Daga iyaka zuwa inda shanu sunka tsaya, sannan daga nan zuwa ƙarshen gona. Da ƙarfi, kowa ya ji."

Tef ɗin ya ƙi miƙewa, sai da taki ya auna. Ya je ya dawo.

"Na shanu taki hamsin. Wanda ya rage tamanin."  Leɓensa ya fara motsi. Idonsa ya buɗe. "Gwaggo! Biyar da takwas! Wallahi shi ne! Jama'a, kun gani? Ko da kunka ɓata mini aiki, awon sai da ya fito da kansa!"

"Na gani," na ce. "Ni ma na yarda da shi yau. Gajeren na shanu, sun gama nasu. Dogon naka."

Na karɓi garmar hannu daga wajen Malam Dikko, irin mai nauyin nan da ake huɗa da ita tun kafin a san shanu, na dangwara masa a gaba.

"Kafin damshi ya tsere. In ka gama, Malam na da layi bakwai."

Kwana huɗu ya yi yana sunkuye, ni ina zaune gindin gawo da sandata da ƙwaryar fura, in layi ya fara karkata in yi gyaran murya. Rashida kuma na biye da shi da iri. Gero ya fito, bai kai tsawon mutum ba, amma ya kai mu wata kakar. Tokata kuwa sai da ya tara mini buhu uku da hannunsa.

Ran da ya gama huɗar na leƙa gidansu. Yana kwance rub da ciki a tabarma, Rashida na gasa masa baya da ruwan zafi, yana nishi. Ya ɗago kai da ƙyar.

"Gwaggo, na yi tunani. Rumbunki..."

Na ce, "Rashida, ƙara masa ruwan. Tun daga kai."